Ƙari a Zuciyar Yaro: Inda Kemoterafi Ke da Gurbi da Inda Ba Shi da Shi

Kalmar "ƙari" a Hausa kalma ce mai faɗin ciki. Tana ɗaukar duk wani tsiro da ya fito a jikin mutum inda ba a sa ran ganinsa, tun daga ɗan kullutun kitsen da ke bayan wuya, wanda mai shi zai tsufa da shi ba tare da ya hana shi barci ba, har zuwa muguwar sankarar da ke cinye mai ita cikin 'yan watanni. Wannan faɗi na kalmar ba ya cutar da kowa a hirar yau da kullum. Amma ranar da likita ya ɗora na'urar hoto a ƙirjin jariri, ya juyo ya ce wa iyaye akwai ƙari a zuciyarsa, faɗin kalmar ya zama matsala, domin abin da kunnen uwa zai ji shi ne ciwon daji, abin da zai faɗo mata a rai kuwa shi ne ruwan maganin nan da ke zubar da gashi, wato kemoterafi. Ra'ayin da wannan maƙala ta tsayu a kai shi ne, mafi yawan yaran da aka gano ƙari a zuciyarsu ba su bukatar kemoterafi ko kaɗan, ba su shi zalunci ne. 'Yan kaɗan da ke bukatarsa kuwa suna bukatarsa cikin gaggawa, kuma a ƙasashenmu su ne aka fi bari su mutu ba tare da sun same shi ba.

Ƙarin da ke tsirowa daga zuciyar yaro ita kanta abu ne da ba kasafai ake gani ba. Likitan yara na iya yin shekaru masu yawa yana aiki bai ci karo da ko ɗaya ba. Daga cikin waɗanda ake samu, kimanin kashi 90 cikin 100 ba daji ba ne, wato ba su yaɗuwa zuwa wasu sassan jiki, ba su cin naman da ke kusa da su. Sai dai kuma rashin zama daji bai sa sun zama abin rainawa ba. Zuciyar jariri sabon haihuwa ba ta wuce girman dunƙulen hannunsa ba, saboda haka tsiron da bai fi gurjiya ba, idan ya zauna a bakin hanyar da jini ke fita, ko a kan zaren da ke kai saƙon bugun zuciya, yana iya yin kisa kamar yadda daji ke yi. Ke nan tambayoyi biyu ne ke gaban likita: wane irin ƙari ne wannan, kuma a ina ya zauna?

Ƙarin da ke komawa da kansa

Wanda ya fi yawa a cikinsu, musamman ga jarirai da 'yan tayi, shi ne rabdomayoma, wanda ya haura rabin duk ƙarin zuciyar yara. Tarin ƙwayoyin tsokar zuciya ne da suka kumbura fiye da kima, sau da yawa a wurare da dama lokaci guda. Tun a 1862 likitan Jamus Friedrich von Recklinghausen ya bayyana gawar wani jariri mai irin waɗannan tsirrai a zuciya tare da wasu wurare masu tauri a ƙwaƙwalwa. A 1880 Désiré-Magloire Bourneville na birnin Paris ya siffanta ciwon ƙwaƙwalwar, aka kuma san cutar da sunan tubaros sikilerosis, wadda likitoci ke taƙaitawa da TSC. Tana samun kimanin jariri 1 cikin 6,000. An gano ƙwayoyin gadon da ke haddasa ta a 1993 da 1997, aka sa musu suna TSC2 da TSC1. Aikin waɗannan ƙwayoyi biyu a jikin mai lafiya shi ne riƙe linzamin wani sinadari da ake kira mTOR, wanda shi ke ba ƙwayar halitta umarnin ta girma. Idan linzamin ya tsinke, sai girma ya tafi ba mai tsawatawa, tsiro ya riƙa fitowa a zuciya da ƙwaƙwalwa da ƙoda da fata.

Abin mamaki game da rabdomayoma shi ne, yakan kai iyakar girmansa ne a ƙarshen goyon ciki, daga nan sai ya fara motsewa. Cikin shekarun farko na rayuwa akasarinsu kan ragu sosai, wasu su ɓace sam, ba tare da wuƙa ko allura ta taɓa yaron ba. Saboda haka maganin mafi yawan waɗannan yara shi ne a sa musu ido: a riƙa ɗaukar hoton zuciya lokaci zuwa lokaci, a riƙa auna bugunta, a jira. Wannan jira yana da wuyar sayarwa. Iyayen da suka sayar da akuya ko suka ci bashi suka zo babban asibiti ba su son a ce musu su koma gida a sake ganinsu bayan wata uku, suna ganin kamar an sallame su ne don ba su da ƙafa. Likita ma mutum ne, hannunsa na ƙaiƙayin ya rubuta wani abu. A ganina a nan ne ake gwada ƙwarewa ta gaskiya, domin magungunan daji na gargajiya aikinsu shi ne kashe ƙwayoyin da ke rarrabuwa da sauri, ƙwayoyin rabdomayoma kuwa ba rarrabuwa suke yi ba, kumbura suka yi. Wanda ya ɗura wa irin wannan jariri gubar daji ya lalata masa ɓargo da hanji a banza, ya tafi neman gira ya rasa ido.

Akwai 'yan tsirarun da ba za a iya jira da su ba: jaririn da ƙarin ya toshe masa hanyar jini har ya yi shuɗi ko zuciyarsa ta gaza, ko wanda bugun zuciyarsa ya rikice ya ƙi jin magani. A da, mafita ɗaya ce gare su, tiyata. Clarence Crafoord na Suwidin ne ya fara cire ƙari daga cikin zuciya cikin nasara a 1954, da taimakon injin da ke karɓar aikin zuciya da huhu na ɗan lokaci. Amma fiɗar zuciyar jariri ɗan kwana uku, a yanko tsiron da ya saje da tsokar da ake son ceto, aiki ne da ko a manyan cibiyoyin duniya ake shiga da fargaba. A Nijeriya an fara buɗe zuciya ne a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Nijeriya da ke Inugu a 1974, kuma har yau samun irin wannan tiyata ga jariri sabon haihuwa ya fi ƙarfin mafi yawan iyalai.

Maganin da ya fito daga ƙasar wani tsibiri

A 1964 wani ayarin masana daga Kanada ya je tsibirin Ista da ke tsakiyar tekun Fasifik, wanda mazaunansa ke kira Rapa Nui, suka ɗebo ƙasa. Daga wata ƙwayar bakteriya da ke cikin wannan ƙasa ne Suren Sehgal da abokan aikinsa a birnin Montreal suka tato wani sinadari a farkon shekarun 1970, suka raɗa masa suna rafamaisin don tunawa da tsibirin. Da farko maganin funfuna aka ɗauke shi, daga baya aka lura yana danne garkuwar jiki, har Amurka ta amince da shi a 1999 da sunan sirolimus domin masu dashen ƙoda. Ashe abin da yake yi shi ne toshe mTOR ɗin nan da linzaminsa ya tsinke a cutar TSC. Hasali ma daga sunan maganin aka samo sunan sinadarin. Ɗan'uwansa eberolimus ya samu amincewa a 2010 domin wani ƙarin ƙwaƙwalwa na masu TSC. A 2011 aka buga rahoton wani yaro da ake ba eberolimus saboda ƙarin ƙwaƙwalwa, sai aka ga na zuciyarsa ma ya motse. Daga nan likitocin jarirai suka fara gwada shi ga waɗanda tiyata ta gagara, suka ga ƙarin da zai ɗauki shekaru kafin ya ragu yana raguwa cikin 'yan makonni. A 2018 kuma aka buga rahoton wata mai juna biyu a Amurka da ta sha sirolimus, maganin ya ratsa mabiyiya, ƙarin zuciyar ɗan tayin ya ragu tun yana ciki.

Mutane da yawa, har da wasu ma'aikatan lafiya, kan kira wannan kemoterafi, tunda a kantin magungunan daji ake samunsa. Kiran yana da ruɗarwa. Sirolimus da eberolimus ba kashe ƙwayoyi suke yi ba, birki suke taka wa girmansu, shi ya sa idan aka tsayar da su da wuri ƙarin kan sake tasowa. Ina ganin wannan ci gaba ne na haƙiƙa, wanda ya ceci jariran da a da ba su da mafita. Amma ya kamata a faɗi irin ƙafar da hujjar ta tsayu a kai: mafi yawanta rahotanni ne na yaro ɗaya ko 'yan yara kaɗan. Mujallu kuwa sun fi son buga labarin nasara, likitan da majinyacinsa ya mutu ba ya rawar jikin rubutawa. Bugu da ƙari, tunda tsiron dama mai komawa ne da kansa, duk maganin da aka ba da zai iya karɓar yabon da ba nasa ba. Wannan ne ya sa nake adawa da ba da shi ga jaririn da ba ya nuna wata alamar wahala, don kawai hoto ya nuna ƙari babba.

Ga mu nan yankin, akwai dalilan taka-tsantsan da takardun Turai da Amurka ba su cika tsayawa a kansu ba. Hantar jariri ba ta gama nuna ba, tana jinkirin narkar da maganin, saboda haka ɗan abin da bai taka kara ya karya ba kan taru a jini ya wuce kima. A can suna auna adadinsa a jini akai-akai suna daidaita awo, gwajin da ba kowane ɗakin bincike ke yin sa a nan ba. Maganin na danne garkuwar jiki, alhali jariranmu ana yi musu allurar BCG da ɗigon foliyo tun ranar haihuwa, dukansu kuma rigakafi ne masu rayayyar ƙwayar cuta da aka raunana, waɗanda ba a ba wanda garkuwarsa ke danne. Haka na ƙyanda da na shawara a wata na tara. Sai kuma batun karo da wasu magunguna. Fenobabiton da kabamazefin, waɗanda su ne suka fi samuwa ga masu farfaɗiya a asibitocinmu, da rifamfisin na tarin fuka, duk suna zaburar da hanta ta narkar da sirolimus da sauri har ya rasa ƙarfi. Yaron da ke da TSC kuwa, kamar yadda za mu gani, shi ne ya fi kowa yiwuwar kasancewa a kan maganin farfaɗiya. Wanda zai ba da wannan magani a Kano ko Zariya ko Maraɗi dole ya san duk wannan kafin ya ɗauki alƙalami.

Wani abin da ke ɓata mini rai a muhawarar nan shi ne yadda ake ƙura wa zuciya ido a mance da kai. Rabdomayoma manzo ne, sau da yawa shi ne alamar farko ta TSC, watanni kafin komai ya bayyana a ƙwaƙwalwa. Fiye da kashi 80 cikin 100 na masu wannan cuta kan kamu da farfaɗiya, da yawa tun cikin shekarar farko, da wani irin zabura da jariri ke yi yana dunƙule jiki sau da yawa a jere, wanda iyaye kan ɗauka ciwon ciki ne ko firgita, wasu su danganta shi da iska. Kowane mako da wannan zabura ta yi ba a tsayar da ita ba, tana rage wa yaron rabonsa na kaifin ƙwaƙwalwa. Binciken EPISTOP da aka gudanar a Turai, aka buga sakamakonsa a 2021, ya nuna cewa idan ana auna igiyar lantarkin ƙwaƙwalwar waɗannan jarirai tun kafin farfaɗiya ta bayyana, aka fara ba su bigabatirin da zarar awon ya nuna alama, farfaɗiyar kan jinkirta kuma ta zo da sauƙi. Ke nan babbar ribar gano ƙarin zuciyar ita ce gargaɗin da ya bayar. A duba fatar yaron a nemi fararen tabo masu siffar ganye, waɗanda a baƙar fata ba su ɓuya. A duba iyaye ma, domin ko da yake kusan kashi biyu cikin uku na masu cutar ba gadonta suka yi ba, wanda ke ɗauke da ita yana da yiwuwar rabi da rabi ya ba kowane ɗa da zai haifa.

Sauran ƙarin da ba daji ba ba su bukatar dogon bayani a nan. Faiburoma ba ya komawa da kansa, yana da haɗarin rikita bugun zuciya har ya jawo mutuwar fuju'a, maganinsa wuƙa. Teratoma kan tsiro a cikin jakar da ta lulluɓe zuciya ya tara ruwa ya matse ta, shi ma idan aka cire shi an gama. Kemoterafi ba shi da abin yi a nan.

Sarkoma da maganin da ke cizon zuciya

Sai ragowar kashi 10 ɗin, inda dajin gaske yake. Mafi yawansu dangin sarkoma ne: rabdomayosarkoma, anjiyosarkoma, faiburosarkoma da makamantansu. Mai karatu ya lura da kusancin sunan rabdomayoma da rabdomayosarkoma. 'Yan haruffa ne suka raba su a takarda, amma ɗaya ana jira ya tafi, ɗayan kuwa jiran mako biyu kan iya sa a makara. A nan kemoterafi wajibi ne, sai dai babu wani tsarin magani da aka gina musamman domin sarkomar zuciyar yara, saboda ba a taɓa tara adadin da za a yi gwaji na a-zo-a-gani a kansu ba. Aro ake yi daga tsarin da aka gwada a kan irin wannan daji a wasu sassan jiki. Ga rabdomayosarkoma, Amurka ta dogara da haɗin binkiristin da aktinomaisin D da saikulofosfamaid tun binciken haɗin gwiwar da aka fara a 1972, Turai kuma ta fi son ifosfamaid a madadin na ukun. Duk da haka abin da ya fi yanke hukunci a kan rayuwar yaron shi ne ko likitan fiɗa ya iya cire ƙarin gaba ɗaya, a zuciya kuwa ba a iya yanka da yalwa kamar yadda ake yi a ƙafa ko hannu. Gashi da haske ma, wanda ke cike giɓin wuƙa a wasu wurare, a nan yana ƙona abin da ake son karewa.

Babbar tsaka-mai-wuyar ita ce doksorubisin, jan maganin nan da masanan Italiya suka samo daga bakteriyar ƙasa a shekarun 1960. Yana cikin mafiya ƙarfi a kan sarkoma, kuma shi ne ya fi kowane shahara wajen lalata tsokar zuciya. Ɓarnarsa taruwa take yi, kowace allura na ɗora nata a kan na baya, ƙwayar tsokar zuciyar da ta mutu kuwa ba ta da magaji. A 1991 Steven Lipshultz da abokan aikinsa a Boston suka bi sawun yaran da suka warke daga sankarar jini bayan an yi musu amfani da shi, suka tarar fiye da rabinsu na da wata tawaya a aikin zuciya shekaru bayan an sallame su. A yau ana ɗaukar yaron da jimillar abin da ya karɓa ta kai miligiram 250 a kowane murabba'in mita na faɗin jikinsa a matsayin mai babban haɗari, kuma ƙananan yara sun fi manya rauni. Waɗancan yaran zuciyarsu lafiya lau take kafin a fara. To ina ga wanda daji ya riga ya ci bangon zuciyarsa, wuƙa kuma ta rage wani sashe? Akwai deksrazoksen da ke rage wannan ɓarna, kuma a ra'ayina duk inda za a ɗura wa yaro doksorubisin mai yawa, lissafin kuɗin maganin bai cika ba sai an haɗa da nasa da na hoton zuciya kafin a fara da bayan an gama.

Gaskiyar da ba a son faɗa ita ce, ko a cibiyoyin da ke da komai, da yawa daga cikin yaran da ke da sarkomar zuciya ba su tsira. Iyaye na da haƙƙin su ji wannan a sarari, cikin harshen da suke fahimta, kafin su sayar da gona. Idan manufar maganin tsawaita kwana ce da rage wahala, a ce musu haka. Idan kuma aka kai inda kemoterafi ya daina amfani, tsayar da shi a koma ga kashe zafi da sauƙaƙa numfashi aikin likita ne cikakke, ba gazawa ba ce.

Baƙon da ya shigo ta jijiya

Duk abin da aka faɗa zuwa yanzu ya shafi ƙarin da ya tsiro a zuciya. Amma dajin da ya fi isa zuciyar yaro daga wani wuri yake tasowa, kuma a nan ne maganar ta fi shafar mu. Dajin ƙodar yara da ke ɗauke da sunan Max Wilms, likitan Jamus da ya yi rubutu a kansa a 1899, yana da wata ɗabi'a: yakan zura reshe cikin jijiyar ƙoda, ya bi babbar jijiyar da ke mayar da jini daga ciki, wani lokaci har ya leƙa ɗakin zuciya na sama na dama. A ƙasashen da ake zuwa asibiti da wuri, kimanin yaro 1 cikin 100 ne reshen ke kai wa zuciya. Wannan shi ne wurin da kemoterafi ke nuna bajintarsa. Tsarin Ƙungiyar Likitocin Dajin Yara ta Duniya, SIOP, shi ne a fara da magani kafin tiyata: binkiristin da aktinomaisin D na mako 4, ko mako 6 tare da doksorubisin idan ya bazu. Sau da yawa reshen kan ja da baya ya fice daga zuciya, ta yadda likitan fiɗa zai cire ƙodar ta ciki ba tare da an tsaga ƙirji ko an nemi injin zuciya da huhu ba. Ga asibitin da ba shi da wannan inji, 'yan kwalaben nan su ne bambanci tsakanin tiyatar da za ta yiwu da wadda ba za ta yiwu ba. Kuma tsofaffin magunguna ne: Sidney Farber ya yi amfani da aktinomaisin D a kan wannan daji tun shekarun 1950, binkiristin kuwa, wanda aka tato daga wani furen Madagaska da ake shukawa don ado a gidajenmu, an amince da shi a 1963.

Na biyu shi ne limfomar Burkitt, wadda Denis Burkitt ya bayyana a Kamfala ta Yuganda a 1958, dajin da ke bin yankunan zazzaɓin cizon sauro na Afirka yana kumbura muƙamuƙi da cikin yara. Yana iya shiga jakar zuciya ko tsokarta; tun a 1975 wasu likitocin Nijeriya suka buga rahoton wanda wannan daji ya katse wa hanyar saƙon bugun zuciya. Yana ninka girmansa cikin kwana ɗaya zuwa biyu, amma wannan saurin ne ya sa yake narkewa a gaban saikulofosfamaid. Afirka na da hannu dumu-dumu a gano hakan: Victor Anomah Ngu, ɗan Kamaru da ya koyar da fiɗa a Jami'ar Ibadan, yana cikin waɗanda suka karɓi lambar Lasker a 1972 tare da Burkitt saboda aikin warkar da wannan daji da magani. Haɗarin a nan daga nasarar yake zuwa. Idan ƙwayoyin dajin suka mutu da yawa lokaci guda, sukan zubar da sinadarin fotasiyam cikin jini har ya tsayar da zuciya, su kuma toshe ƙoda. Abin da ke hana wannan shi ne ƙarin ruwa isasshe, da alofurinol, da ɗakin gwajin da zai auna jini da tsakar dare, da ma'aikaciyar jinya da ke ƙirga fitsarin yaro.

Za a iya cewa, kuma an sha faɗa, ƙasar da zazzaɓi da gudawa da tamowa ke kashe yara dubbai, ƙasar da ciwon zuciyar da ke biyo bayan ciwon maƙogwaro ke lalata ƙyauren zuciyar matasa, ba ta da hurumin ɓata lokaci a kan cutar da likita zai gani sau ɗaya a rayuwarsa. Hujjar tana da nauyi, kuma da a ce ina kira ne a gina cibiyar sarkomar zuciya a kowace jiha, da ta kayar da ni. Amma duba abin da ake bukata. Na'urar hoton zuciya da wanda ya iya karanta ta su ne dai waɗanda za su gano ramin zuciyar da aka haifi yaro da shi da ƙyauren da ya lalace. Masanin da zai duba tsokar da aka yanko ya bambance sarkoma da limfoma shi ne dai wanda duk sashen daji ke jira. Binkiristin da saikulofosfamaid su ne ƙashin bayan maganin sankarar jini da dajin ido da na ƙoda. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da shirin kai yawan yaran da ke tsira daga daji zuwa kashi 60 cikin 100 nan da 2030, tana mai nuni da cewa a ƙasashe masu arziki fiye da kashi 80 ke warkewa, a ƙasashe matalauta da yawa kuwa ba su kai 30 ba. Dajin Wilms da na Burkitt duk suna cikin guda shida da shirin ya sa a gaba.

An kuma riga an ga abin da ke aiki a nahiyar nan. Haɗin gwiwar da asibitocin Malawi da Ghana da Kamaru da wasu ƙasashe suka fara a 2014 a kan dajin Wilms bai kawo wani sabon magani ba. Tsari ɗaya suka bi wanda aka daidaita da halin da suke ciki, suka ɗauke wa iyaye kuɗin magani da na mota, suka ciyar da yaran, suka riƙa bin sawun wanda bai dawo ba. Yaran da suka kammala magani ba tare da alamar cuta ba suka tashi daga kusan rabi zuwa kusan kashi biyu cikin uku, masu guduwa a tsakiyar magani suka ragu da kusan rabi. Ghana ta shigar da wasu cututtukan dajin yara, har da waɗannan biyun, cikin inshorar lafiyarta ta ƙasa. A Nijeriya kuwa asusun tallafin masu daji ya fara ne da na mama da na bakin mahaifa da na mafitsarar maza, wato cututtukan manya. Uban da aka ce wa ya kawo kuɗin allura duk mako, alhali damina ta faɗi gona na jiransa, idan ya ɗauke ɗansa bayan kumburin ya saɓe ba jahilci ne ya kore shi ba.

Akwai kuma tambayar abin da ke cikin kwalbar. Wani bincike da aka buga a 2025 a kan magungunan dajin da aka tattaro daga asibitoci da kantuna a Kamaru da Habasha da Kenya da Malawi ya tarar kusan ɗaya cikin shida ba su ɗauke da adadin sinadarin da aka rubuta a jikinsu, wasu sun gaza, wasu sun zarce. A maganin da tazarar da ke tsakanin awon warkarwa da awon kisa ba ta da yawa, kuskuren kowane ɓangare na iya zama ajali, kuma likita ba zai taɓa sanin dalilin da ya sa reshen da ke cikin zuciya ya ƙi ja da baya ba. Binkiristin da doksorubisin na ruwa suna son sanyi daga masana'anta har zuwa jijiyar yaro, abin da kowa ya san wuyarsa inda wutar lantarki ke zuwa da tafiya. Sayen magani a dunƙule ta hannun hukuma daga kamfanonin da aka tantance, maimakon a miƙa wa uba takarda a ce ya shiga kasuwa ya nemo, shi ne mafi ƙarancin abin da ya kamata a yi.

Abubuwa biyu ne ke hannun jami'o'inmu kai tsaye. Na farko rajista. Cutar da kowane asibitin koyarwa ke gani sau ɗaya a shekaru ba za a taɓa fahimtarta daga asibiti ɗaya ba. Idan Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri da Yamai suka riƙa zuba kowane yaro mai ƙarin zuciya a kundi guda, da irin ƙarin, da abin da aka yi masa, da yadda ya ƙare, har da waɗanda suka mutu da waɗanda aka jira suka warke ba magani, cikin shekara goma za a samu abin dogaro da ya fi tarin rahotannin nasara ɗai-ɗai. Na biyu ya shafi sassan nazarin Hausa. Likita a ɗakin duba marasa lafiya na bukatar kalmomin da za su raba ƙarin da ke komawa da kansa, da ƙarin da ke zaune sai an cire, da daji mai yaɗuwa. Yana bukatar hanyar bayyana maganin da ke taka wa girma birki dabam da wanda ke kashe ƙwayoyi. A halin yanzu kowane likita da kowace ma'aikaciyar jinya na ƙirƙirar nasa fassarar a tsaye, wani lokaci ta bakin ɗan rakiyar da shi ma bai gane ba, sannan a miƙa wa uba takardar amincewa da Turanci ya dangwala yatsa. Zama ɗaya tsakanin likitocin zuciyar yara da na daji da malaman harshe zai iya fitar da shafi biyu na Hausa, a boko da ajami, da za a karanta wa iyaye kafin a ɗaura wa ɗansu ruwan farko.